Dangwalin Kaka Ige

Kowa ya yi kuskure a kan igiyar nan, kuma furfurar masu kuskuren ba za ta hana ni faɗi ba. Ba igiyar ɗaure bayi ba ce. Dangwali ne, igiyar da matan Fulani ke jera 'yan maruƙa a kanta idan za a yi tatsa, don kada su shanye nonon. Na sani domin a ɗakin kakata take rataye tun ban san dama da hagu ba, kuma na sha dundun yayyena saboda ita.

Yanzu tana ɗakin ƙungiyar adana tarihin garinmu, nan Talata Mafara. Ɗakuna biyu ne na ƙasa da aka yi wa shafen siminti, wasu tsofaffin malaman makaranta ke kula da su. Ba zan ci musu fuska ba, sun yi aiki. Da ba don su ba, da masu sayen tsohon ƙarfe sun daɗe da kwashe sauran ƙyauren ƙofar gari. Sun tara akusa da tasoshi, da kwari da baka, da allunan da tawada ta cinye, da kuɗin wuri cike da ƙoƙo, da takardun ajami da suka ƙwato daga bakin gara. Kowane abu da 'yar takardar bayaninsa. Bayan rasuwar Kaka Ige, Baffa Isa ya share ɗakinta, ya ga baƙar igiyar ƙiri, ta fata, mai zarge tara, ya kai musu da kyakkyawar niyya. Suka juya ta, suka auna zargen da hannu, suka ga bai isa wuyan babba ba. Sai suka rubuta cewa da ita ake jera yaran da aka kamo a yaƙi zamanin daular Sakkwato, kuma daga gidan rundawa na bakin kasuwa ta fito.

Gidanmu ke nan. Mu ne rundawan, mahauta tun kaka da kakanni.

Ban ce ba a yi bauta a ƙasar nan ba. An yi, Kaka da bakinta ta sha faɗa, ba ta kuma sa wa maganar zuma. Amma ba da wannan igiyar ba. Ranar da ƙanwata ta dawo daga ziyarar da makarantarsu ta kai ɗakin, tana kuka wai 'yan ajinsu na kiranta jikar masu igiya, ban tsaya neman takalmi mai kyau ba.

Sai dai kafin in faɗi yadda muka yi da su, dole in koma bakin wutar Kaka.

Idan an gama girbi sanyi ya sauko, da an yi sallar isha'i Kaka takan kwashe garwashin da ya rage a murhun da aka narka kitse, ta zuba a kasko, ta ajiye ƙofar ɗakinta. Mu shida ne jikokin gidan. Duk tsakar gida ƙamshin kitse da yaji, Baba na zaure yana wanke wuƙaƙe, kana jin ƙarar su cikin daro. Yawancin dare Gizo ne da Ƙoƙi, kowa ya sa baki, a yi dariya. Amma sau ɗaya a shekara takan sauko da igiyar, ta shafe ta da kitse har ta yi laushi, ta shimfiɗa bisa cinyarta.

"Ga ta nan ta taho maku," in ji ta, "amma wagga ba ta Gizo ba ta. Wagga da ƙahwahunta ta shigo gidan nan."

Mu ce, "Ta shigo mu ji ta."

Zarge ɗaya, dare ɗaya. Ta sa yatsa cikin zargen farko, ta ba da abin da ke cikinsa, ta tashe mu. Gobe na biyu. Kuma da doka: duk wanda ya katse ta da "sai me?", gobe a koma zargen farko.

Ni ce mai katsewar. Kullum ni ce. Sunana Balki, amma Kaka ba ta taɓa kirana da shi ba, Wutar Kara take ce mini. Ba na iya zama. Ƙafata na kaɗawa, ina tona garwashi da tsinke, ina ƙirga zargen da suka rage. Tsohuwar nan kuwa sai ta ɓata rabin dare a kan launin ɗan maraƙi.

"Ke Wutar Kara, mi ka cizon ki?"

"Kaka, ki tsallake gaisuwar mana. Mun ji sun gaisa."

"Ke kika gaisa ko su? Yara, kun ji ta. Gobe mu koma hwarko."

Sai in ji dundun Yaya Saratu a gadon bayana. Zargen farko kam na haddace shi kamar Fatiha.

Ga abin da na samu na labarin.

Zamanin Sarkin Musulmi na Sakkwato, Nasara bai zo ba tukuna, annoba ta faɗa wa shanu. Daga Maradun har Bakura, bin gulbi, garke-garke suka zube. Kaka ta ce mutum ya kwanta da shanu ɗari ya tashi da sanda kawai. Ungulaye suka ƙoshi har suka daina sauka. Shekarar nan ba gaisuwar da aka fi yi kamar sannu. Fulani maza da yawa suka zautu, suna yawo a daji suna kiran shanunsu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne zargen farko.

Wata Bafulatana daga Faru, sunanta Daso, mijinta na cikin waɗanda suka shiga daji. A dangwalinta mai zarge tara, uku kaɗai suka rage da rai a ciki: 'yan maruƙa mata biyu da namiji ɗaya, duk marayu. Ga yaranta na kukan yunwa. Ta tumɓuke turakun, ta jawo igiyar da abin da ke cikinta, ta yi kwana biyu a hanya, ta iso Mafara ranar Talata. Ba ta tsaya kasuwa ba don kunya. Bafulatana ta sayar da maraƙin da ke kan dangwali, ai kamar ta sayar da gobenta ne. Ta bi bayan gari ta yi sallama gidan wani barunje mai suna Jatau, ta ce a ba ta gero a riƙe su.

Jatau shi ne mijin Hurera, Hurera kuwa ita ce kakar Kaka Ige, wadda ta ba ta labarin baki da baki.

Rundawa na da al'ada, har yau Baba na faɗin ta: dabbar da ta ƙetare dokin ƙofar barunje ba ta fita da ƙafarta. Daso ta san haka. Ta karɓi geronta, ta shafa kan kowanne ta faɗi sunansa, ta fita ba ta ko kwance su daga igiyar ba, don hannunta ya ƙi. Jatau ya shiga zaure ɗauko dutsen washi.

Hurera na ɗaki, kwananta biyu da haihuwa. Ta ji komai ta bayan asabari. Ta fito da zane ɗaya, ta kama bakin igiyar ta ja cikin ɗakinta, 'yan maruƙan suka bi ta. Jatau ya fito ya tarar da tsakar gida wayam, sai kashin maraƙi da ya nufi ɗakin mai jego.

Nan Kaka takan canja murya, ta kumbura kumatu ta zama Jatau.

"Hurera, hiddo min dabbobina."

"Ai ba su hita ba, maigida. Suna cikin gidanka. Al'ada ta ce kada su hita, ba ta ce yau za su mutu ba."

"Zan shigo."

"Bisimilla. Ga ungozoma nan, ga gwaggonka, ga ni ba ni da tsarki. Shigo da wuƙarka, gobe a ji a mahauta."

Ya tsaya. Namiji ya kutsa ɗakin mai jego kafin arba'in, da wuƙa a hannu, gaban tsofaffi mata? Da ya zama abin kiɗan kalangu har jikokinsa. Ya ce to, arba'in dai kwana ne, zai ƙare.

Haka Hurera ta yi jegonta da 'yan maruƙa uku a gindin gado. Wutar da ake hura wa mai jego ita ta ɗumama su. Kunun kanwar da ake dama mata, ta sha rabi, ta tsoma yatsu cikin sauran suna tsotsa. Tatsar akuyar maƙwabta ma ta shiga ciki. Dangin miji suka ce haihuwa ta taɓa mata kai. Ɗakin ya yi wari har masu barka suka riƙa tsayawa daga ƙofa. Ɗaya macen ta mutu a kwana na goma. Sauran biyu suka miƙe, saboda bango ya raba su da shanun waje, annoba ba ta gan su ba.

Zarge na bakwai shi ne ranar arba'in. Sau ɗaya tak muka kai nan da ni, shekarar da nake aji shida na firamare, kuma sai da na kwana shida ina cizon bakin hijabina. A kasuwa ba ko ƙafar sa. Sarkin Fawa ya aiko gidan Jatau, an ji yana ɓoye da dabba, kuma fada na son nama. Jatau ya shimfiɗa buzu ƙofar ɗakin tun asuba, wuƙa bisa cinya. Hurera ta yi wankan ƙarshe, ta goya jaririnta, ta kama igiyar. Sai aka yi sallama daga zaure. Muryar Daso ce.

Kaka ta tsaya, ta ɗauki tsinke tana gyara garwashi. Ta gyara wannan, ta gyara wancan. Ta nemi goronta a ƙullin zane.

Na fashe. "To ya yanka su ko bai yanka ba?"

Ba wanda ya ko dake ni. Kaka ta dube ni, ta soma naɗe igiyar a hannu.

"Wutar kara ba ta gasa nama, sai ta babbake bayan ta bar cikin ɗanye. Gobe hwarko."

Na miƙe na ce ta riƙe labarinta, ba na so, ƙarya ce ma duka. Na kwashi tabarmata na koma ɗakin Inna. Kwana tara ina jiyo muryarta ta bango, ina toshe kunne da filo. Su suka ji ƙarshen. Ta kuma sa su alkawari: wanda bai zauna ba, ba a kai masa. Ni ma girman kai bai bar ni na tambaya ba. Shekara ta zagayo na tafi makarantar kwana. Idan na zo hutu ina ganin na wuce zaman bakin kasko, ina karanta tarihin daula a littafi, sunayen sarakuna da shekarunsu. Ina ajin ƙarshe aka aiko Kaka ta rasu.

Da wannan guntun na je gaban Malam Hedimasta, shugaban ƙungiyar. Shi ya koya wa Baba karatu, ya koya mini. Na tarar da shi yana goge wani akushi da tsumma. Na durƙusa, muka gaisa, ya tambayi gida, da gajiya, da Baba, da kasuwa, da sanyi. Na daure har ƙarshe, kuma ni na san abin da daurewar ta ci mini.

"Allah shi gafarta Malam, takardar can ƙarya ce."

Ya sauke tabarau. "Ɗiyar rundawa, ko yanka za a yi ai a kan ba dabba ruwa tukuna."

"Dangwali ne, Malam. Na maruƙa. Ku da kuka tara tarihin ƙasa ba ku san dangwali ba?"

Wani daga cikin tsofaffin malaman da ke wurin, Malam Garba, ya yi dariya. Ya ce shi ma ransa ya raya masa haka ranar da aka kawo ta, amma dangwalin da ya sani na rama ne, kuma a ruga yake. Duk 'yan cikin gari ne, madararsu a ƙwarya take iso musu.

Na zauna na zazzage musu zarge bakwai cikin abin da bai kai dahuwar shayi ba. Malam Hedimasta bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na tsaya ya ce, "Sai me?"

Kalmata ce. Na ji ta kamar mari.

"Ɗiyata, ba musu nike maki ba. Amma na san abu guda: Bahillata ba ta barin dangwalinta. Ko shanu sun ƙare, da shi take ƙaura. In ya yanka su, mi ya hana ta ɗauki igiyarta? In bai yanka ba ta tahi da su, da mi ta ja su? Mi dangwali ka yi gidan mahauta shekara sama da ɗari? In kin ba ni wanga, da hannuna zan yage takardar."

Duk wannan yana cikin zarge biyun da ban ji ba.

Ya ce suna haɗa ɗan littafi na kayan ɗakin, mai hoto, da za a raba wa makarantun Mafara da Bakura da Maradun. Sati biyu ya rage a kai wa mai bugawa. Ba zai sa rabin labari ba, ba zai kuma bar hoton ba bayani. Abin da ke bango shi zai shiga, sai in na kawo abin da ya fi shi. Takardar bango a kan yage ta. Littafi kuwa in ya shiga hannun yara, shi ke nan, jikokina ma a ciki za su karanta ko su wane ne.

Na kira Yaya Saratu a gidan mijinta.

"Yaya, ƙarshen igiya."

"Wace igiya? Kai, Balki, ina da tuwo bisa wuta. Ina jin aure aka yi tsakanin 'ya'yansu. Ko kuwa rabon maruƙan aka yi? Wallahi barci nike ji lokacin."

Yaya Lawali ya rantse an yanka namijin an kai fada. Ɗan Baffa ya rantse Jatau karya wuƙarsa ya yi. Baba ya ce wannan zancen mata ne, shi yana zaure. Mutum biyar suka zauna shiru har zarge na tara, ba wanda ya riƙe. Ni da na riƙe kowace kalma, ban zauna ba. Wannan abin ya hana ni sukuni kwana uku, ina zagaya tsakar gida kamar akuya a turke.

Da ina ɗauka Kaka mugunta take mini, ko tana son a roƙe ta. Yanzu ina ganin tsoro take ji. Ba ta iya rubutu ba, ba ta da ɗaki mai takardun bayani. Abin da take da shi kawunan yara shida ne, kuma ta san irin su rariya ne. Kowace komawa farko ƙara ɗaure labarin take yi. Wani sa'in har nakan zargi tana sane take jan tsinken nan cikin garwashi, tana jiran in fashe, don ta ga a kaina abin ke zama. Ban sani ba. Abin da na sani, ta gina mini bakwai da ba su gogewa, ta bar mini biyu a buɗe, kuma ni na ja. Su Malam sun ceci igiyar daga bola, amma igiya ba ta magana. Bakin da ke mata magana mun binne shi, ba wanda ya je da alƙalami.

Ranar ta huɗu Inna na soya man shanu, ƙamshin ya bugo ni, na tsaya cak.

Goggo Dudu. Wata doguwar tsohuwar Bafulatana da ke zuwa gidanmu duk shekara bayan girbi, daga Faru, da ƙwarya cike da man shanu. Ba a saye, ba a tayi. Baba da kansa yake yanko cinya guda a naɗe mata, ba ya ko tambaya. Su shige ɗaki ita da Kaka, kuma na tuna, da idona na gani ta labule, Goggo Dudu ta taɓa igiyar tana motsa baki kamar mai ƙirga sunaye. Sai bayan tafiyarta Kaka ke sauko da igiyar ta soma zargen farko. Shekara nawa ina kallon wannan, ina jin haushin doguwar gaisuwarsu, ban taɓa haɗa biyu da biyu ba. Daso ma ai daga Faru ta fito.

"Inna, Goggo Dudu mece ce tamu?"

"Ta gidan ce dai. Na tarar ana yi."

"Tana da rai?"

"An ce tun da zaman Faru ya yi wuya ta koma Damri wurin ɗiyarta. Ido ya tahi, amma an ce kai na nan. Tun ta'aziyyar kakarku ba ta sake zuwa ba. Mu ma ba mu je ba." Inna ta juya man a tukunya ba ta dube ni ba. "Shekara huɗu ke nan ba a kai cinyar ba."

Na koma wurin Malam Hedimasta na roƙi aron igiyar. Ya ce abin da ya shiga ɗakin tarihi ba ya fita, su ma da tasu al'adar. Na ce ashe duk rundawa ne mu. Ya yi dariya har da tari, ya ciro sabon littafin rubutu da biro daga aljihu ya miƙo mini, ya ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara mata Hausa.

Baba ya so ya hana, saboda hanya ba kamar da ba. Na ce da rana tsaka zan bi motar Bakura, daga can babur zuwa Damri, Yaya Lawali ya raka ni. Baba ya tashi ya shiga zaure. Na ji yana wasa wuƙa. Ya ce gobe da sassafe zai ware cinyar, kuma in gaya mata laifin na gidanmu ne.

Na ɗauko zaren da ake ɗaure kilishi na yi masa ƙulli tara. Zan sa shi a hannun Goggo Dudu, tunda ba ta gani, in ɗora yatsanta bisa ƙullin farko, ba na takwas ba. In kwana tara zai ci, kwana goma gare ni kafin a kai littafin. Zan gaishe ta har sai ita ta gaji. In ta tsaya neman goro a daidai sallamar Daso, zan zauna bisa hannuwana, in ciji hijabi, in jira.